Amsa ga mai kyanwa 19: kafin a gina masu gida, a fara tsaida haihuwar

Wata baiwar Allah daga nan cikin birnin Katsina, wajen Ƙofar Marusa, ta turo mani tambaya. Ta ce shekara biyu da suka wuce ta tsinci ɗiyan kyanwa guda biyu a bakin bola ta kai gida, yau ga su sun zama 19 ban da waɗanda suka mutu da waɗanda ta bayar, kuma yaran unguwa sun gano ta, duk wanda ya tsinci ɗiyan kyanwa sai ya aje mata a zaure cikin kwali ya ruga. Maigidanta ya fara ƙorafin wari da kukan muzurai da dare. Tana so ta tara kuɗi ta gina gidan ajiye dabbobi irin na Turawa, shi ne take tambaya ta ina ake samo kuɗin, kuma wai da gaske akwai aikin da ake yi masu su daina haihuwa, kuma ya halatta?

To ƙanwata, Allah ya saka maki da alheri, amma zan gaya maki gaskiya a matsayina na wanda ya daɗe yana aikin likitan dabbobi a garin nan: kar ki gina. Ko yau wani Alhaji ya ba ki fili a bayan gari kyauta har da bulo, kar ki fara da gini. Gidan ajiya kamar randa ce aka ajiye ƙarƙashin famfon da ya lalace, komai girmanta za ta cika, kuma ranar da ta cika matsalarki ta fi ta da, don yanzu ke ce mai ciyarwa, ke ce mai shara, ke ce mai magani in mura ta shiga cikinsu, ita kuwa murar kyanwa in ta shiga ɗakin da aka cunkusa su wallahi sai ta zaga kowa. Famfon za ki gyara. Kuɗin da kike son tarawa a can ya kamata su tafi.

Ki duba lissafin gidanki ma. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 zuwa 6, ita kanta ba ta gama girma ba. Cikin nata kwana 63 zuwa 65 ne, wato wata biyu da 'yan kwanaki, ta zubo huɗu ko biyar, kuma tana iya sake neman muzuru tun ba ta gama yaye waɗancan ba, shi ya sa a shekara sai ta haihu sau biyu, wata har sau ukku, musamman mu nan da ba mu da irin gajerun ranakun hunturun da ke tsaida su a Turai. Wani abu kuma game da kyanwa, barbarar ce kanta ke sa ta saki ƙwai, don haka da wuya muzuru ya hau ta a tashi a banza. Kina da mata nawa cikin 19 ɗin nan? A ce 9. In kowace ta ba ki 8 a shekara kin ga inda aka dosa. Za ki ga ana yawo da wani lissafi a intanet wai kyanwa ɗaya da zuri'arta za su kai dubu ɗari huɗu da wani abu a shekara bakwai, wannan kam ƙari ne, da haka ne da ba mu samu wurin taka ƙafa ba a Katsina. Abin da ke hana hakan shi ne mafi yawan ɗiyan da aka haifa a waje ba su kai wata shida, yunwa da cuta da mota da duwatsun yara ke cinye su. Kuma ni wannan ne ma babban dalilina, ba yawan ba, wahalar.

Aikin kuwa gaskiya ne akwai shi kuma ba sabon abu ba ne. Namiji fiɗiya ake yi mashi, a sa mashi barci a cire 'ya'yan marainan, ga muzuru minti kaɗan an gama. Macen ce mai aiki, sai an buɗe ciki an cire ƙwayayen haihuwa da mahaifa an ɗinke, tiyata ce sosai irin ta asibiti, da allurar barci da zaren ɗinki da kayan da aka dafa aka kashe ƙwayoyin cuta da maganin ciwo bayan an gama. Shi ya sa ta mace ta fi tsada, kuma karya ta fi kyanwa tsada don maganin barci da nauyin dabba ake auna shi. Ba zan rubuta maki farashi a nan ba don yawancin kayan daga waje ake shigo da su, dala na motsawa su motsa, abin da na faɗa yau wata mai zuwa sai ki ce na yi maki ƙarya.

Nan ne mutane ke neman hanyar sauƙi, kuma nan nake so in ɗan tsaya. Akwai wata yarinya da ta taɓa kawo mani kyanwarta cikin kwandon wanki, fara mai dogon gashi, irin waɗanda 'yan mata ke saye a Instagram yanzu. Cikin ya kumbura tim kamar mai shirin haihuwa, ba ta ci, sai shan ruwa, ga wani ruwa mai wari yana fita ta baya. Na tambaye ta me aka ba ta, sai da ƙyar ta ce wani mai kemis ne yake yi mata allurar tsarin iyali ta mata duk bayan wata ukku. Da muka buɗe, mahaifar da ya kamata ta zama siririya kamar tsinken tsire ta koma kamar hanjin rago, cike da mugunya. Ta rayu, amma kuɗin da yarinyar ta kashe ranar sun ninka na aikin da za a yi tun farko cikin kwanciyar hankali. Allurar nan tana kawo ruɓewar mahaifa da ƙari a nono ga kyanwa da karya. Haka kuma masu ɗaure wa muzuru roba a maraina, ko masu ɗauko abin dandaƙar bunsuru su ce za su gwada a kan kare, don Allah a bari, halittar ba ɗaya ba ce. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Maganar halacci, ni ba malami ba ne, ki tambayi malaminki. Abin da dai kowa ya sani shi ne mu nan fiɗiyar rago da bunsuru ba baƙon abu ba ce, taure ma ai sunansa ke nan, kuma ya zo a hadisi Manzon Allah (SAW) ya yi layya da raguna biyu fiɗiyayyu. A kan kyanwa da kare malamai sun yi saɓani, akwai masu karhantawa, akwai da yawa daga cikin na wannan zamanin da suka ce in yawansu ya zama cuta kuma aikin ba azabtarwa a cikinsa to babu laifi. Ki haɗa wannan da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, sai ki auna da kwalin da ake jefarwa a bola cikin zafin watan Afirilu.

Yanzu kuɗi, wanda shi ne ainihin tambayarki. Bari in fara da waɗanda kike son kwaikwayo. A Amurka farkon shekarun 1970 an ƙiyasta ana kashe karnuka da kyanwoyi sama da miliyan 12 duk shekara a cikin gidajen ajiyar nan masu kyau da kike gani a hoto, saboda sun cika ba wurin sa sababbi. Yanzu abin bai kai miliyan 1 ba. Ba yawan gini ne ya kawo wannan ba, aikin hana haihuwa mai rahusa ne ya yi kaso mai girma. Misalin da na fi so shi ne na wata ƙaramar jiha, New Hampshire. A 1994 suka fara wani tsari, aka ƙara dala 2 kacal a kan kuɗin lasisin kare da kowa ke biya duk shekara, aka zuba su a asusu na daban wanda ba a taɓa shi don wani abu, talaka ya kai dabbarsa wurin likita ya biya dala 10, asusun ya cike sauran, su ma likitocin suka rage farashi. Ba a yi shekara goma ba yawan dabbobin da ake kashewa a gidajen ajiyarsu ya ragu da kusan kashi ukku cikin huɗu. Jihar Maryland kuma a 2013 sai ta bi ta wani gefen, ta ɗora ɗan kuɗi a kan kamfanonin da ke sayar da abincin karnuka da kyanwoyi, da shi ake ba da tallafin aikin.

Abu biyu nake so ki ɗauka a nan. Kuɗin ƙanana ne amma ba su yankewa, kowace shekara suna shigowa. Sannan ba kowa ake yi wa rahusar ba, wanda ba zai iya biya ba aka nufa. Wannan na biyun mu nan shi ne inda muke faɗuwa kullum. Duk ranar da aka ce kyauta, kafin mai kare ɗan Sabuwar Unguwa ya ji labari, motoci sun cika wurin daga GRA, mutanen da ko ba tallafi za su biya su ne a gaban layi, an kashe kuɗin ba a ƙara ko dabba ɗaya a kan waɗanda dama za a yi wa ba.

To mu da ba mu da lasisin kare mai aiki fa? Ni ban ma goyi bayan a fara da shi ba. Ka ce wa mafarauci mai kare biyar ko Bafulatanin da ke tsaron garke ya biya haraji a kan kowane kare, abin da zai faru shi ne ranar da masu karɓa suka zo karnukan ba na kowa ba ne, kuma ɗan abin da aka tara in ya shiga baitulmalin ƙaramar hukuma sai dai ki ji labarinsa. Abin da na ga yana iya tafiya a wurinmu shi ne mai hali ya ɗauki nauyin mara hali a teburi ɗaya. Masu kyanwoyin gayu da masu manyan karnukan gadi, waɗanda suka ƙaru sosai tun da tsaro ya taɓarɓare, su biya cikakken kuɗi da ɗan ƙari a kai, a gaya masu a fili cewa ƙarin nan na kyanwar unguwa ne, yawancinsu ba su ƙi in sun ga rasit. Talaka kuma ya biya wani abu komai ƙanƙantarsa, ko kuɗin kurkura ne, don na lura wanda ya sa sisinsa shi ne ke dawowa a duba ɗinki, na kyauta sai ki neme shi ki rasa.

Bayan wannan sai abin da mata suka fi mu iyawa, adashi. Mutum ashirin ko talatin da kowa zai zuba abu kaɗan duk wata ya fi mani Alhaji ɗaya da zai ba da miliyan sau ɗaya a ɗauki hoto, don kyanwa ba ta san an gama biki ba, wata biyu ta sake zubowa. A buɗe akawun na daban da sa hannun mutum biyu ko ukku, kar ya zama naki na kanki ko da ke ce mafi amana a unguwar, kuma duk ƙarshen wata a tura wa masu zubi lissafi a WhatsApp, an yi wa mata kaza, maza kaza, an kashe kaza, saura kaza. Ki nemi sadaka da wakafi, amma kar ki ce zakka, ita zakka an riga an lissafa masu cin ta su takwas a Suratu Tauba, kyanwa ba ta ciki, kar ki jawo wa kanki surutu.

Sai rage tsadar aikin kansa, wanda shi ma samun kuɗi ne ta bayan gida. Aiki ɗaya-ɗaya yana da tsada, amma in aka tara dabba goma sha biyar ko ashirin rana ɗaya, kwalbar magani da aka buɗe ba ta lalacewa, janareta sau ɗaya aka tada, kayan aiki ana dafawa ana juyawa. Akwai likitocin dabbobi 'yan bautar ƙasa da ake turowa jihar nan duk shekara suna neman aikin al'umma da za su rubuta, akwai ɗaliban ajin ƙarshe na tsangayar likitan dabbobi a ABU Zariya da jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato waɗanda hannunsu ke ƙaiƙayin tiyata, amma da sharaɗi, sai da likita mai rajista tsaye a kansu, ba a koyon ɗinki a cikin kyanwar mutane ba mai duba. Gwamnati kuma kar ki je mata da roƙon kuɗi, ki roƙi ɗaki a asibitin dabbobi da ma'aikaci da firij, waɗannan sun fi saurin fitowa. Ƙungiyoyin waje irin su Dogs Trust suna ba da tallafi, amma abin da za su fara tambaya shi ne rajistar ƙungiya da lissafin abin da kuka riga kuka yi da kuɗinku. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na san abin da za a ce maki, don ni ma an sha gaya mani: mutane na kwana da yunwa, ana sace mutane a ƙauyuka, ke kina maganar mahaifar kyanwa. Kar ki yi gardama, ki kawo maganar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon nan yana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamun suka bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa, sai dai addu'a. Kyanwa ma tana ɗauka tana kuma bayarwa. Duk wanda ya taɓa zaga kemis-kemis yana neman allurar cizon kare wa ɗansa ya san tsadarta, ta ninka ta rigakafin da ake yi wa karen nesa ba kusa ba, ita wannan ta karen ma har a nan gida ana yin ta, a cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato. Amma in faɗi gaskiya, fiɗiya ba ta maganin hauka, rigakafi ke yi, kuma sai an yi wa kamar kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri kafin cutar ta daina yawo. Inda hana haihuwa ke shigowa shi ne, in kin yi wa karnukan unguwa rigakafi bana, baɗi rabinsu sababbin kwikwiyoyi ne da ba a taɓa yi wa ba, kin koma farko. In haihuwa ta ragu, waɗanda aka yi wa su ne ke nan zaune. Don haka duk dabbar da ta hau teburi a haɗa mata da rigakafi, kuma in kina neman kunnen hukuma ki nufi 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, lokacin kowa na neman abin da zai nuna ya yi.

A birnin Jaipur na Indiya haka suka yi tun daga 1994, kama karnukan titi, a yi masu aiki da rigakafi, a maida su inda aka kamo su. Cikin shekara takwas sun kai ga wajen kashi 65 cikin 100 na matan, yawan karnukan ya ragu da kashi 28, kuma a yankin da ake aikin aka daina samun mutuwar mutane ta haukan kare. Ƙasar Butan ta fara a 2009, sai 2023 ta ce ta gama yi wa karnukan titinta aikin, sama da 150,000. Ki lura da shekarun, ba aikin mako ba ne.

Ita kuwa hanyar da muka saba, guba, na gan ta da idona. Wata shekara bayan kare ya ciji yara a wani gari da ba zan faɗa ba, aka zuba nama mai guba da dare. Da safe ga karnuka a kwance bakin kwata suna miƙa ƙafa, ga kajin mutane, ga kyanwoyi, har karen wani dattijo mafarauci da ni da kaina na yi wa rigakafi, ya zo yana riƙe da igiyar wuyansa ya ma kasa magana. Kafin shekara ta zagayo karnuka sun dawo, baƙi daga ƙauyukan gefe waɗanda ba wanda ya san su, saboda bolar na nan, mahauta na nan tana zubar da hanji da jini. A Istanbul ma a 1910 sun kwashe dubban karnuka suka zuba a wani tsibiri ba ci ba sha suka mutu, yau ki je ki ga karnuka a titinsu. Muddin abinci na zube, wani zai zo ya ci.

Saboda haka kar ki warwatsa ɗan abin da kuka tara, ɗaya a Ƙofar Ƙaura, ɗaya a Ƙofar Sauri, biyu a Daura don wata ƙawa ta roƙa. Hakan ba zai nuna komai ba. Ki riƙe layinku da bolar da ke bayanku, a ƙirga kyanwoyin da ke wurin da yamma lokacin da suke fitowa, a bi su har sai an yi wa mafi yawansu, sannan a matsa layi na gaba. Mata a gaba, don muzuru ɗaya da ya tsira ya ishi mata goma, amma macen da aka yi wa ta fita lissafi har abada. Duk wadda aka yi wa a ɗan yanke tsinin kunnenta na hagu tana cikin barci, alama ce da ake amfani da ita a ƙasashe da dama, don kar a sake kamo ta a buɗe ciki a banza. Ki je wurin mai unguwa da limamin masallacinku tun kafin a fara, in ba haka ba ranar da aka ga kyanwa da yankakken kunne da ɗinki a ciki za ki ji an ce asiri ake yi.

Naki 19 ɗin kuma, yau ɗin nan ki raba maza da mata, ɗaki daban, kafin ma a samu ko naira. Ki fara kawo matan da suka wuce wata huɗu, biyu ko ukku a lokaci ɗaya yadda za ki iya jinya. Manya a ɗauke masu abinci tun dare a bar masu ruwa, ƙananan likita zai gaya maki awa nawa don su ba su jure yunwa. Ki kawo su da sassafe kafin rana ta yi zafi, cikin kwando mai murfi ko kwali mai huji, ba cikin buhu ba. Bayan aiki a aje ta wuri mai tsabta inda ƙuda ba zai sauka a kan ɗinkin ba, in lokacin hunturu ne a rufa mata tsumma don maganin barci na saukar da zafin jiki, kwana 10 zuwa 14 ciwon ya warke. Muzurun da aka fiɗiye kar ki sake shi cikin mata nan take, yana iya yin ciki har bayan 'yan makonni. Kuma komai kukan da ta yi kar ki ba ta Panadol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa, maganin ciwon da likita ya ba ki shi kaɗai za ki ba ta.